Ƙwayar Bayan Magariba

Hannun Baba ya fara karkarwa tun sojoji suna kan mulki, amma ba mu san ciwo ne mai suna ba sai a shekarar da suka miƙa wa farar hula. Ni na fara lura, kuma ba a jikinsa na gani ba, a takarda na gani.

Baba marubucin Alƙur'ani ne. Da ka yake rubutawa, irin rubutun mutanen Barno da ya gada daga kakansa, mai kauri, kowane harafi a zaune daram. Ya gama goma sha ɗaya, yana kan na sha biyu. Tun ina firamare aikina ne in tattara shafukan da suka bushe in jera su, domin ni ce ba na hayaniya a gidan, kuma ba na taɓa takarda da maiƙo a hannu. Yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa. In ya yi kokwanton kalma ko wasali, ba ya rubutawa don ya kankare daga baya. Gurbi yake bari daidai tsawon kalmar, ya wuce, sai ya tambayi wani alaramma ya tabbatar sannan ya dawo ya cike. Ni kuma in na ga gurbi sai in sa tsinke a shafin don kada ya shige cikin 'yan'uwansa.

Wata rana ina jerawa na ga layin farko da girmansa na kullum, amma yana gangarowa haruffan suna tsukewa, har layin ƙarshe ya koma kamar sahun tururuwa. Na duba na jiya, haka. Na shekaranjiya ma haka. Ban faɗa wa kowa ba. Bayan wata uku ya ajiye alƙalami a izu na arba'in da biyar, ya ce idonsa ne. Kowa a gidan ya san ba ido ba ne, don muna jin kwanon shansa yana ƙara a haƙorinsa.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, kullum in bi ta Ƙofar Kabuga in dawo. Sai malamanmu suka tafi yajin aiki, na zauna a gida Kabara ba abin yi, shi ya sa rakiyar asibiti ta faɗo kaina. Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya sa Baba ya yi tafiya, ya juyo, ya taɓa hancinsa, ya zana da'ira mai nannaɗewa kamar gammo. Ya faɗi sunan ciwon, sunan wani Bature ne. Ya ce wani sashe na ƙwaƙwalwa ne yake lalacewa sannu a hankali, ba a warkewa, sai dai a rage. Ya ba da maganin da aka saba bayarwa. Ya ɗan yi aiki, amma bai kai a riƙe alƙalami ba.

A zuwa na huɗu ya kawo maganar gwaji. Ya ce akwai sabon magani da ba a fara sayarwa ba. An gwada shi a kan dabbobi da masu lafiya, yanzu ana son a ba wa marasa lafiya 'yan kaɗan, da kaɗan-kaɗan, a ga iya abin da jiki zai ɗauka. Ya ce ba ya alƙawarin komai. Duk sati biyu za a ɗebi jini a auna yawan maganin a ciki. Kuma dole a sami wanda ya iya boko a gida, ya riƙa rubuta lokacin da aka sha kowace ƙwaya da duk abin da ya biyo baya.

Ranar tantancewa ba mu biyu muka je ba. Baba yana da aboki a lungun bayanmu, baduku, shi yake ɗinka wa kowane Alƙur'anin Baba gafaka, wato jakar fata da ake ajiye shi a ciki. Baba Baduku muke ce masa. Shekara arba'in suna ciyayya a soron gidanmu, kowa a fito masa da tuwonsa bayan Magariba, a haɗa a ci tare. Shi ma hannunsa yana rawa, har ya fi na Baba, basilla ta sha huda masa yatsa. Baba ya ce in za a gwada, a gwada su tare.

Aka yi musu awon zuciya. Likita ya daɗe yana kallon takardar Baba Baduku, ya danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya ce ba zai sa shi ba, maganin yana saukar da jini, zuciyarsa kuma ba za ta jure ba. Baba kuwa aka karanta masa takardar yarda da Hausa, shafi shida, ya sa hannu da ajami. Na karɓi ta Turancin, na zauna a benci na gwada su layi-layi ko an ɓoye wani abu a fassarar. Ban sami komai ba, amma hankalina bai kwanta ba.

Muka hau tasi muka shigo gari. Baba Baduku ya ce, “To, Malam, ka ga ni ko abin gwaji ban kai ba. Ɓera ma ya fi ni daraja.”

“Kai da ma tun kana yaro ba ka cin jarrabawa,” in ji Baba.

Suka yi dariya su biyu. Na ga Baba ya juya yana kallon taga.

Umma ba ta yarda da lamarin ba ko na rana ɗaya. Shekaru kaɗan kafin nan an yi annobar sanƙarau, kuma har lokacin ana maganar yaran da aka ce an gwada magani a kansu. Da aka koma mulkin farar hula bakin kowa ya buɗe, rediyo ba ta da zance sai tone-tone, abin da a da ake faɗa a ɗaka ya dawo bakin famfo. Duk ranar da muka dawo sai ta kama hannun Baba ta duba wurin allura.

“Kwalba nawa yau?”

“Uku, Umma. Ƙanana ne.”

“Ƙanana. Mutum ya ba ka magani kyauta, ya biya maka kuɗin mota, ya ce sannu Alaramma. Ke da kike boko, gaya mini, me yake saye?”

Abin da na yi kawai shi ne na sayi littafin rubutu mai layi, na riƙa kwafe duk abin da na sa a fam ɗin likita, wato takardar da ya ba ni in riƙa cikewa, don in wata rana an canza wani abu ina da nawa.

Ƙwayar fara ce, ƙarama, ɗaya da safe, ɗaya bayan Magariba, kuma dole da abinci. Ta safe ni nake miƙa masa da koko, in tsaya har ya haɗiye, in duba agogo in rubuta. Ta yamma kuwa ta faɗa lokacin ciyayya. Ba zan shiga soro cikin maza in tsaya a kan mahaifina ba. Sai na riƙa naɗe ta a 'yar takarda in ɗora a kan faifan da aka rufe tuwo, ya fita da ita. In ya shigo bayan Isha'i in gaishe shi in ce, “Baba, an sha?” Ya ce, “An sha, Uwata.” Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ni kuma in rubuta: ƙarfe bakwai da kwata, ya sha.

A cikin takardar yarda an jera abubuwan da za su iya faruwa. Jiri in an miƙe tsaye, tashin zuciya, yawan hamma, da canjin launin fitsari da gumi zuwa ja-ja kamar tsatsa. Sati na biyu wuyan rigunan Baba ya fara rinewa. Na rubuta. Sati na uku ya ce in kawo masa wuƙar fiƙe alƙalami.

Ban manta da wannan safiyar ba. Ya zauna a kan buzu, ya jiƙa tawada, ya gwada a gefen wata tsohuwar takarda sau uku. Daga nan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haruffan ba su kai girmansu na da ba, amma sun daina tsukewa. Daga hantsi zuwa kusan Azahar hannun yana biyayya, bayan nan sai ya koma halinsa. Umma ta leƙo ta gani, ta koma kicin, ranar ta yanka kaza.

A sati na shida likita ya ce Baba ya jira a waje, yana son magana da ni. Ya buɗe fam ɗina, ya yaba tsabtar rubutun, sannan ya tambaye ni ko akwai ranar da na manta na ba da magani na rubuta daga baya. Na ce babu. Ya ce ba laifi ba ne, kowa yana mantuwa. Na ce babu. Ya ce to, awon jini yana nuna maganin da ke jikin Baba bai kai abin da ya kamata ba, kusan rabi ne. Yana kallona yana murza biro. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai, kuma na san wannan sunkuyawar tana ƙara masa zato.

Na dawo gida ina zargin kowa. Na fara da mutumin da yake miƙo mana kwalbar magani ta taga, mai agogon zinare. Garin ya cika da maganin jabu, me zai hana ya zare na gaske ya cusa mana alli? Na jera ƙwayoyin a kan farin faranti a rana ina duba ko wata ta fi wata haske. Duk iri ɗaya ne. Na koma kan nas mai ɗibar jini, wadda take hira tana liƙa lamba a kwalba ba ta ko dubawa. Zuwa na gaba na tsaya a kanta har ta ce, “Malama, ko ke za ki karɓa ki yi?” Na zargi likitan kansa, na ce ko yana neman hujjar da zai ƙara wa tsoho magani ne ya ga abin da zai faru. Laburaren jami'a a buɗe yake duk da yajin aiki, na je na kwana uku ina jeka-ka-dawo a kan wani ƙaton littafin magunguna, na fahimci kashi ɗaya cikin goma. Mutum ɗaya ne bai zo mini a rai ba.

Sati na takwas awon ya sake fitowa haka. Likita ya ce tun da jikin Baba yana saurin fitar da maganin, kuma bai sami jiri ba ko sau ɗaya, a zuwa na gaba za su ninka ƙarfin ƙwayar. Ya ƙara da cewa abin da aka gani a jikin waɗannan 'yan kaɗan shi zai nuna yawan da za a ba wa waɗanda za su biyo baya. Baba ya ji daɗi. Ya kai izu na hamsin da huɗu, saura shida. A hanya yana lissafin cewa in ƙwaya mai ƙarfi ta ba shi har La'asar, zai sauke kafin azumi.

Ranar Alhamis, saura kwana biyar mu koma asibiti, ina tsakar gida ina goga lemon tsami a wuyan farar rigar Baba, sai matar Baba Baduku ta yi sallama. Gwaggo muke ce mata. Ta zo aron turmi. Ta tsaya a kaina tana kallo.

“Au, ku ma? Na ce ruwan nan na 'yan ga-ruwa ne, aka ce sharri nake musu. Rigunan maigidana duk sun lalace, wuya da hammata, kamar an jiƙa ƙusa a ciki.”

Umma ta ce daga kicin, “Namu ba ruwa ba ne, maganin Nasara ne.”

“To mu da ba mu da maganin Nasara fa? Ruwa ne, Yaya. Ni har na fara tunanin shi yake sa masa hajijiya. Sau biyu ke nan yana tasowa daga sallah sai ya dafa bango. Shekaranjiya zama ya yi daɓas a bakin rijiya. Amma fa hannu ya yi sauƙi, jiya har zare ya zura da kansa.”

Na ci gaba da goga rigar. Lemon ya shiga wani yanka a yatsana, ban daina ba. Umma ba ta karanta takardar yarda ba, ba ta haɗa komai ba, suka koma zancen sabon kansila da ya yi alƙawarin famfo.

Duk da haka ban yarda da kaina ba sai na gani. Da Magariba na ɗora 'yar takardar a kan faifai kamar kullum. Da Baba ya fita na bi bayansa na tsaya a bayan ƙyauren da ke tsakanin soro da cikin gida, inda katakon ya tsage. Ban taɓa yin haka ba. Su huɗu ne a kan tabarma. Aka buɗe kwanuka, aka wanke hannu. Baba ya ɗauki takardar, bai ko warware ta ba, ya tura ta gefen gwiwar abokinsa kamar yadda ake tura wa mutum tsokar nama. Baba Baduku ya warware, ya jefa a baki, ya kora da ruwa. Sauran biyun ba su ko ɗaga ido ba. Sun saba gani.

Da ya shigo na gaishe shi. Ban tambaya ba. Shi ya tsaya a bakin ƙofarsa ya ce, “An sha, Uwata.” Sai a lokacin na lura bai taɓa ce mini “na sha” ba.

Washegari da hantsi na kai masa shafukan jiya. Yana fiƙe alƙalami. Na durƙusa na daɗe ina gyara gefen takardun da ba su buƙatar gyara.

“Akwai magana a bakinki,” in ji shi.

“Gwaggo ta ce Baba Baduku ya faɗi a bakin rijiya.”

“Zama ya yi.”

“Ta ce rigunansa suna rinewa.”

Ya hure alƙalamin, ya duba bakinsa a haske. “To?”

“Baba, likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.”

“Likita ya san shi minti goma. Ni na san shi tun ba a haifi likitan ba.” Ya ajiye wuƙar. “Ke yanzu a ganinki zan zauna in warware magani a gabansa in haɗiye, yana kallo, miya tana zuba daga hannunsa? Goro ɗaya ban taɓa ci a gabansa ban ɓara ba. Ni da safe nake aiki, ta safe ta ishe ni. Ta yamma barci kawai zan yi da ita. Ina asarar?”

“Za su ninka ta ranar Talata.”

“Sai mu samu mu biyu.”

“In ta kashe shi fa?”

Bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba, ni ma ban taɓa ji ba. Ya dube ni sosai. Ya ce rai a hannun Allah yake. Sannan ya sassauta murya ya ce saura izu shida, in bar shi ya sauke, daga nan in faɗa wa duk wanda nake so. Ya ce in ci gaba da rubuta abin da na saba. Na ce ko ya daina ba shi kawai, ba sai kowa ya ji ba. Ya ce, “In ce masa me? Yau na ga dama, gobe na fasa?” Ya tsoma alƙalami a tawada. Maganar ta ƙare ke nan.

Kwana huɗu suka rage. Na yi tunanin in riƙa naɗe masa wata ƙwaya daban, ta ciwon kai, amma wannan ma ƙarya ce, kuma wadda aka riga aka rubuta tana nan a fam. Na yi tunanin in gaya wa Umma, na san za ta ce a watsar da gwajin gaba ɗaya, gidan ya kama da wuta. Na yi tunanin zuwa wurin Gwaggo, na kasa. Abin da ya fi damuna shi ne layukan da na cike da hannuna, fiye da sati tara, ƙarfe bakwai da kwata, ƙarfe bakwai da minti ashirin, har da mintuna, alhali ban ga ko ɗaya ba. Na tsaya a kan nas, na auna ƙwaya a rana, ga shi ƙaryar da ke cikin takardun duka da rubutuna take.

Na ci gaba da ɗora ƙwayar a kan faifai waɗannan kwanakin, ina addu'a kada wani abu ya faru. Wannan har yau ban yafe wa kaina ba. Amma a fam ɗin sati biyun nan ban sake cike layin yamma ba, kuma na samo sabon fam a cikin waɗanda aka ba mu na ajiya, na kwafe na safe duka, na bar na yamma fari tun daga sama har ƙasa.

Ranar Talata muka zauna gaban likita. Sabuwar kwalbar tana kan tebur, da jan layi a jikinta. Na miƙa fam. Ya buɗe, ya juya bayansa, ya sake juyowa.

“Malama, na yamma fa? Ba ki cike ba.”

Na ce, “Ban gani ba.”

“Ba ki ga me ba?”

“Ban ga ya sha ba. Har na baya ma. Ban taɓa gani ba.”

Likita ya dubi Baba. Baba ya miƙa hannu, aka ba shi takardar. Ba ya karanta boko, amma ya ga layi cike, layi fari, layi cike, layi fari. Ya daɗe yana kallo, takardar tana kaɗawa a hannunsa. Ya san abin da gurbi yake nufi a gidanmu. Ya ajiye ta a hankali.

“Gaskiya ta faɗa. Ba ta gani ba. Likita, ka tuna mutumin da ka kayar a jarrabawa?”

Likitan bai gane ba da farko. Da ya gane sai ya cire tabarau ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Ya tambaya tun yaushe. Baba ya ce tun daren farko. Ya tambaya ko mutumin yana da rai. Baba ya ce da ransa, har ya fi shi cin tuwo. Likitan ya ɗauke kwalbar mai jan layi ya sa a aljihun tebur ya murɗa makulli, ya ce a kawo masa Baba Baduku yau, ba gobe ba. Da La'asar muka dawo da shi. Jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, bugun zuciyar yana tsallake. Suka riƙe shi kwana uku.

An cire Baba daga gwajin. Likita ya ce ba hukunci ba ne, amma duk abin da aka auna a jikinsa ya zama ba shi da amfani, kuma dole ya rubuta abin da ya faru ya aika. Baba ya roƙi a bar masa ta safe kawai. Ya ce ba shi da iko. Ni kuma ya ce mini na gode. A raina ina cewa, ku da kuka karanta mana shafi shida, ba wanda ya tambayi inda tsoho yake cin tuwon dare, ko da wa.

Baba bai yi mini faɗa ba. Sati biyu dai bai ce Uwata ba, in yana son abu sai ya gaya wa Umma. Umma da ta ji labarin cewa ta yi da ma ta faɗa, ko da yake ba wannan ta faɗa ba. Gwaggo ta daina gaisawa da Baba har aka sha ruwa a azumin farko. Baba Baduku kuwa da aka sallamo shi ya tarar da ni a ƙofar gida ya ce, “'Yar boko, kin tsige mini abinci daga baki.” Na sunkuyar da kai. Ya ce, “To ai shi ke nan, ɗago. Gwaggonki ta ce da yanzu tana takaba.” Ciyayyarsu ba ta tsaya ba ko kwana ɗaya bayan ya dawo.

Aka mayar da Baba kan tsohon magani. Cikin wata ɗaya haruffan suka koma tsukewa. Bai ajiye alƙalami ba nan da nan, yakan sami rabin awa da safe, wani lokacin layi uku, wani lokacin biyar. A shekara ɗaya da rabi ya yi izu huɗu. Duk wanda ya buɗe zai ga inda gwajin ya fara da inda ya ƙare, ba sai an nuna masa ba. Ya tsaya a ƙarshen na hamsin da takwas. Izu biyun da suka rage su ne na gajerun surori, waɗanda kowane yaro a Kabara ya haddace. Wani tsohon ɗalibinsa ya zo har gida ya ce zai cike, Baba ya ce ya gode, a bari tukuna, ko hannun zai dawo.

An ce za a aiko mana da takarda in an gama gwajin, a gaya mana abin da aka samu. Ba ta zo ba. Na koma asibitin bayan na gama jami'a, aka ce likitan ya bar aiki a nan, mai agogon zinare kuma bai gane ni ba. Ban taɓa ganin ƙwayar a wani kemis ba. Ban sani ba ko ta cutar da wasu ne aka dakatar, ko ba ta yi aiki ba, ko tana can ana sayarwa da wani suna a ƙasar da ba tamu ba. Wani lokaci ina zargin ko ba ita ta saki hannun Baba ba, ko sa rai ne kawai. Littafina mai layi yana nan, amma rabinsa ba abin dogaro ba ne.

Baba Baduku ya riga Baba rasuwa da shekara biyu. Kafin nan ya ɗinka gafakar, ɗinkin a karkace, ya ƙi yarda ɗansa ya taya shi. Da awon izu sittin ya yanka fatar, don haka shafukan suna motsi a ciki in an ɗaga. Na yanko fararen takardu daidai girmansu na cike wurin, na sa tsinke a inda rubutun ya tsaya.